Dawo da tsohon ɗan wasan gaba: Abin da komawar Ahmed Musa Kano Pillars ta nuna

Cikin gardandamin da masu sha'awar ƙwallon ƙafa suka saba tafkawa, kaɗan ne ke raba kan magoya bayan ƙungiya ɗaya kamar batun sake ɗauko ɗan wasan gaba da ya taɓa yi mata fice, ya tafi, shekaru suka ja. Idan musu tsakanin ɗan Chelsea ne da ɗan Arsenal, kowa ya san ɓangarensa tun kafin a buɗe baki. Wannan kuwa musu ne na cikin gida: mutum biyu da ke sanye da riga iri ɗaya, suna zaune a benci ɗaya a gidan kallo, ɗaya na cewa da tsohuwar zuma ake magani, ɗaya na cewa wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

A garuruwan Jega da Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi, kamar sauran garuruwan Arewa, gidajen kallon ƙwallo da teburan masu shayi su ne majalisun da ake yanke irin wannan hukunci. Jihar ba ta da ƙungiya a babbar Gasar Firimiyar Najeriya, domin Kebbi United a ƙasa da wannan rukuni take wasa, don haka zuciyar mai kallo a nan ta fi rataya ga ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya. Idan kuma an juyo gida, sunan da ya fi kowane nauyi a Arewa shi ne Kano Pillars, duk da cewa tsakanin Jega da Kano kusan tafiyar yini ce a mota. A Pillars ɗin ne kuma aka sami misalin da ya fi kusa da mai kallo na wannan yanki: Ahmed Musa, wanda ya bar ƙungiyar a 2010, ya dawo a 2021, ya sake tafiya, ya sake dawowa a 2024.

Yadda ya tafi

An haifi Ahmed Musa a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992. Ya taso a makarantar horar da 'yan ƙwallo ta GBS, ya buga wa JUTH ta Jos, sannan ya zo Kano Pillars a kakar 2009/2010 yana matashin da bai kai shekara 18 ba. A wannan kaka ɗaya ya zura ƙwallo 18, adadin da ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990, Pillars kuma ta ƙare a matsayi na biyu. Tarihin bai daɗe a hannunsa ba, domin Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a kakar da ta biyo baya, amma a zukatan magoya bayan Sai Masu Gida waccan kaka ta zauna daram. Abin lura a nan shi ne, dukan soyayyar da ke tsakaninsa da Kano a kan kaka guda aka gina ta. Sauran sunan a waje ya yi shi.

Daga Kano ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan, a Janairun 2012 kuma ya koma CSKA Moscow ta Rasha, inda ya ɗauki kofin gasar ƙasar sau uku, a 2013 da 2014 da 2016. A Yulin 2016 Leicester City, wadda ta lashe Firimiyar Ingila a shekarar, ta saye shi kan fam miliyan 16 da ɗoriya, kuɗi mafi yawa da ta taɓa kashewa kan ɗan wasa a lokacin. Zaman Ingila bai karɓe shi ba. Ƙwallo biyu kacal ya ci a gasar Firimiya. A Janairun 2018 aka mayar da shi CSKA aro, kuma wannan ita ce komawarsa ta farko wata tsohuwar ƙungiya, wadda masu gardama kan manta da ita. Ta yi kyau matuƙa. Ya koma garin da ya sani, cikin tsarin wasan da ya sani, yana da shekara 25, ƙafarsa ta sake buɗewa, ya isa Gasar Kofin Duniya ta Rasha da ƙarfinsa. Ranar 22 ga Yuni, 2018 ya ci Iceland ƙwallo biyu a Volgograd, ƙari a kan biyun da ya ci Ajantina a Brazil a 2014. Har yau babu ɗan Najeriyar da ya kai shi yawan ƙwallo a Kofin Duniya.

Bayan gasar ya koma Al Nassr ta Saudiyya, ya ɗauki kofin gasar ƙasar a 2019, suka rabu a Oktoban 2020.

Komawa ta farko, 2021

Watanni shida Musa ya yi ba shi da ƙungiya. Ya je West Bromwich Albion a Ingila a farkon 2021, ciniki bai faɗa ba. Shi ne kyaftin ɗin Super Eagles a lokacin, kuma an yi ta sukar koci Gernot Rohr kan ci gaba da gayyatar ɗan wasan da ba ya buga wa kowa. A cikin wannan hali ne, a watan Afrilun 2021, aka sanar da cewa ya sa hannu a ɗan gajeren kwantiragi da Kano Pillars.

An yi murna, kuma murnar tana da dalili. Ba kasafai kyaftin ɗin tawagar ƙasa mai shekara 28 ke shiga gasar cikin gida ba, gasar da aka saba ganin 'yan wasa na gudu daga gare ta. Sai dai wanda ya duba yarjejeniyar da idon basira zai ga cewa zango ne, ba masauki ba. Ɗan wasan na buƙatar inda zai motsa jiki kafin kasuwar Turai ta sake buɗewa, ƙungiyar na buƙatar suna, masu gudanar da gasar na buƙatar talla. Ga shi kuma a lokacin Pillars ba a Kano take karɓar baƙi ba, a Kaduna take buga wasanninta na gida, don haka ko jama'ar da ake sa ran za su cika filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata don ganinsa ba su sami wannan dama yadda ake so ba. Wasanni kaɗan ya buga. A watan Yuli ya tafi Fatih Karagumruk ta Turkiyya. Akwa United ce ta ɗauki kofin wannan kaka, a shekarar da ta biyo baya kuma Pillars, mai kofin gasar huɗu, na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa rukuni na biyu.

Babu mai hankalin da zai ɗora wa Musa alhakin wannan faɗuwa, tunda ba ya nan aka yi ta. Amma masu adawa da dawo da tsofaffin taurari sun riƙe ta hujja: zuwan babban suna na wata uku bai gyara komai a ginin ƙungiyar ba.

Komawa ta biyu, 2024

Pillars ta dawo babbar gasa a 2023. Shi kuma Musa, bayan Karagumruk, ya buga wa Sivasspor, ya rabu da ita a farkon 2024, a daidai lokacin da ake Gasar Kofin Afirka a Kwaddibuwa, inda yana cikin tawagar Najeriya da ta kai wasan ƙarshe amma ba a sa shi wasa ba. A Oktoban 2024, saura kwanaki ya cika shekara 32, ya sake sa rigar Pillars. A wasansa na farko ya ci Sunshine Stars ƙwallo biyu, aka tashi biyu da nema. Ba a jima ba Pillars ta je Enugu ta doke Rangers, mai riƙe da kofi, da ci 4 da 3, yana cikin waɗanda suka zura ƙwallo. Duk wanda ya san yadda cin wasa a gidan wani ke da wuya a gasar Najeriya ya san girman wannan sakamako.

A wannan karon ya zauna har ƙarshen kaka, ya bi ƙungiyar wasannin waje, ya yi wasa tare da Shehu Abdullahi, ɗan asalin Sakkwato, wanda shi ma ya ɗauki kofi da Pillars a da, ya zaga Kuwait da Fotugal da Cyprus da Turkiyya da Bulgeriya, ya dawo gida. A gefensu akwai Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele, mutumin da ya haura shekara 40 yana cin ƙwallo a gasar. Pillars ba ta ɗauki kofi ba, Remo Stars ce ta ɗauka karon farko a tarihinta, amma ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta, jama'a kuma sun koma magana kan gasar gida.

Ga abin da ke rikita lissafin masu gardama. Bisa ƙa'idar shekaru, komawar 2021 ce ya kamata ta fi amfani, domin a lokacin yana da shekara 28 kuma bai daɗe da barin manyan gasanni ba. Amma ta 2024, da ya ƙara shekara uku da rabi, ita ce ta haifar da ƙwallaye. Bambancin ba a ƙafa yake ba. A karon farko idonsa na kan hanya, a na biyu ya sauke kaya.

A Yulin 2025 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya naɗa shi Janar Manaja na ƙungiyar, ya kuma ci gaba da buga wasa. Wannan ya buɗe wani sabon babin musu, domin kocin da ke da ikon ajiye ɗan wasa a benci yanzu yana aiki ne a ƙarƙashin ɗan wasan. A Oktoban shekarar, bayan tarzomar da wasu 'yan kallo suka tayar a wasa da Shooting Stars a Kano, hukumar gasar ta zabtare wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta hana ta wasa a filinta. Sunan mutum ɗaya, komai girmansa, bai hana wannan ba.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan dawo da tsohon ɗan wasa suna da hujja mai ƙarfi da ba a cika ba ta haƙƙinta ba: an san shi. Duk sabon ɗan wasa caca ne. Ba a san ko zai jure yanayin garin ba, ko zai fahimci koci, ko zai iya ɗaukar ihun 'yan kallo ranar da ya zubar da ƙwallo a gaban raga. Tsohon hannu ya riga ya ci wannan jarrabawa. Ya san ƙofar shiga, ya san abin da rigar ke nufi, matasan ƙungiyar kuma suna jin nauyinsa. Akwai kuma kuɗin ƙofa da cinikin riguna da hankalin kafafen yaɗa labarai, waɗanda ke ƙaruwa da zarar an ambaci sunan.

Masu adawa kuwa sun fi dogara ga jiki. Ɗan wasan gaba yawanci yana kan ganiyarsa ne daga tsakiyar shekarunsa na ashirin zuwa bakin talatin, kuma abin da ke fara tafiya shi ne gudu. Wanda ya yi suna da tsere wa masu tsaron baya, kamar Musa, ya fi saurin jin wannan canji a kan wanda ya yi suna da ƙarfin ƙirji, ko ƙwallon ka, ko sanin inda zai tsaya. Suna kuma cewa kowane minti da aka ba tsohon tauraro an ƙwace shi ne daga yaro mai tasowa. Wannan magana ta fi ciwo a Pillars, domin shi kansa Musa ya zama abin da ya zama ne saboda a 2009 an amince wa yaro ɗan shekara 17 ya jagoranci gaba. Da a ce a lokacin akwai wani babban suna da ya dawo daga Turai ya tare wurin, da wataƙila ba a yi ƙwallo 18 ɗin ba.

Akwai hujja ta uku da ba kasafai ake faɗinta a fili ba, alhali ita ce ta fi damun masu horarwa. Tsohon tauraro yana da wuyar cirewa. Idan sabon ɗan wasa ya gaza, koci zai ajiye shi ba wanda zai ce uffan. Idan gwarzon jama'a ne, ajiye shi kan zama rikici tsakanin koci da 'yan kallo, wani lokaci har da masu ƙungiyar.

Darasin Turai

Mai kallo a Jega ko Maiyama ya fi sanin misalan Turai a kan na gida, domin su yake gani kowane ƙarshen mako, kuma shekarar 2021 ta ba shi biyu a wata ɗaya. A Agustan shekarar Chelsea ta sake sayen Romelu Lukaku daga Inter Milan kan fam miliyan 97.5, bayan ta sayar da shi ga Everton a 2014 kan fam miliyan 28. Yana da shekara 28, ya ci ƙwallo 24 a gasar Italiya ya ɗauki kofi, don haka babu wanda zai ce tsoho aka sayo. Amma salon wasan koci Thomas Tuchel bai dace da shi ba. A Disamba ya yi hira da wata tashar Italiya yana ƙorafi kan tsarin, ya ƙare kakar da ƙwallo takwas a Firimiya, aka mayar da shi Inter aro, daga nan Roma, daga ƙarshe aka sayar da shi ga Napoli a 2024 kan abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka biya ba. Wani abin da masu murnar dawowarsa suka tsallake shi ne, a zamansa na farko a Chelsea ko ƙwallo ɗaya bai ci mata ba a wasan gasa. Abin da aka sayo tunanin gyara kuskuren baya ne.

A wannan watan ne kuma Manchester United ta dawo da Cristiano Ronaldo daga Juventus yana da shekara 36, shekara 12 bayan ta sayar da shi ga Real Madrid. Ranar 11 ga Satumba ya ci Newcastle biyu a wasansa na farko. Ya ƙare kakar da ƙwallo 24, 18 daga ciki a Firimiya. Wannan shi ne misalin da har yau ba a gama gardamarsa a gidajen kallo ba, domin kowane ɓangare yana da alƙaluma a hannu. Masu kare shi na nuna ƙwallo 24. Masu sukarsa na nuna cewa ƙungiyar da ta yi ta biyu a kakar da ta gabata ta koma ta shida da maki 58, an kori koci Ole Gunnar Solskjaer a Nuwamba, kuma sauran 'yan gaban sun dusashe. Ɗan wasa zai iya cin ƙwallo alhali ƙungiyar na ja da baya, idan aka karkatar da wasan kowa don a ciyar da mutum ɗaya. A Nuwamban 2022, bayan hirarsa da ɗan jarida Piers Morgan, aka soke kwantiraginsa, ya tafi Al Nassr, ƙungiyar da Musa ya bari shekara biyu kafin nan.

Waɗanda suka yi nasara kuma kusan duk hanya ɗaya suka bi. Didier Drogba ya bar Chelsea a 2012 bayan ya ba ta kofin Zakarun Turai, ya dawo a 2014 yana da shekara 36, ba a biya kuɗin saye ba, kwantiragin shekara ɗaya ne, kuma kowa ya san Diego Costa ne a gaba, shi mataimaki ne. Ƙwallo huɗu ya ci a Firimiya, Chelsea ta ɗauki kofi, ya tafi da mutuncinsa. Thierry Henry ya dawo Arsenal aro na 'yan makonni a Janairun 2012, ya shigo daga benci ya ci Leeds a Kofin FA, ya ci Sunderland a minti na ƙarshe, ya koma Amurka. Zlatan Ibrahimovic ya koma AC Milan a Janairun 2020 yana da shekara 38, ya tarar da ƙungiyar matasa da ba ta da jagora, a 2022 suka ɗauki kofin Italiya, na farko tun na 2011 da shi ma yana cikin waɗanda suka ɗauka.

Labarin Antoine Griezmann ya bambanta. Ya bar Atletico Madrid zuwa Barcelona a 2019 kan Yuro miliyan 120, ya dawo aro a 2021, magoya baya da yawa suka tarbe shi da ihu saboda yadda ya tafi. Daga baya Atletico ta mallake shi kan kusan Yuro miliyan 20, a Janairun 2024 kuma ya wuce Luis Aragones ya zama wanda ya fi kowa ci wa ƙungiyar ƙwallo a tarihinta. Wanda 'yan kallo ba su so ya dawo ba ya fi wanda suka yi wa maraba amfani, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa a yi taka-tsantsan da ra'ayin benci.

A Najeriya ma akwai tsohon misali. Marigayi Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci wa ƙasa ƙwallo 37, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Fotugal a kakar 1993/1994 da ƙwallo 21 a Vitoria Setubal. Ya koma ƙungiyar a 1997 bayan rauni da zaman da bai yi daɗi ba a Girka da Sifaniya, bai maimaita abin da ya yi a baya ba. Ya ƙarasa wasansa a gida, a Julius Berger, sannan Gateway ta Abeokuta a 2005 yana da shekara 41.

Lissafin ɗan kasuwa

Wanda ya san harkar albasa a Aliero ba ya buƙatar dogon bayani kan wannan ɓangare. Albasa ba gero ba ce. Gero kan yi shekara a rumbu bai canza ba, albasa kuwa tun ranar da aka ajiye ta take rage nauyi, wata ta ruɓe, wata ta tsiro, mai ita kuma yana auna hauhawar farashi da abin da ke lalacewa. Ɗan wasan gaba irin wannan kaya ne. Ƙungiyar da ta sayi mai shekara 22 tana sa ran darajarsa ta hau, ta sayar ta ci riba. Wadda ta sayi mai shekara 32 ta san ba za ta sake sayar da shi ba, don haka duk abin da ta biya dole ya dawo a fili, da ƙwallo ko kofi ko kuɗin ƙofa.

Ƙungiyoyin Turai kan raba kuɗin sayen ɗan wasa a kan shekarun kwantiraginsa cikin littafin asusunsu. Lukaku ya sa hannu na shekara biyar, wato kimanin fam miliyan 19.5 ke nan kowace shekara, ban da albashi. Da ya gaza a shekarar farko, sauran nauyin na nan a wuyan Chelsea, shi ya sa ta yi ta ba da shi aro maimakon sayarwa nan take a kan asara. Drogba kuwa albashin shekara ɗaya kawai ya ci. Ko da bai ci ƙwallo ko ɗaya ba, asarar tana da iyaka. Mutum biyu, ƙungiya ɗaya, dukansu sun dawo, amma cinikin ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan, kuma mai kallon da ke haɗa su a hujja ɗaya yana haɗa sari ne da jingina.

A Najeriya lissafin na da wata fuska da ta shafi ma'aikacin gwamnati kai tsaye. Mafi yawan ƙungiyoyin babbar gasa mallakar gwamnatocin jihohi ne: Pillars ta Kano, Enyimba ta Abiya, Rangers ta Enugu, Katsina United ta Katsina. Ƙalilan ne irin Remo Stars da Ikorodu City ke hannun 'yan kasuwa. Ke nan albashin tauraron da aka dawo da shi yana fitowa ne daga baitulmalin da ke biyan malamin makaranta da ma'aikacin asibiti, kuma shawarar ɗauko shi ba koyaushe take fitowa daga koci ba. Babban suna yana da amfani ga mai mulki ta hanyar da ba ta da alaƙa da teburin gasa. Ba a Kano kaɗai ake haka ba: a 2023 Gwamnan Abiya, Alex Otti, ya naɗa Nwankwo Kanu shugaban Enyimba, a ƙarshen 2024 kuma ƙungiyar ta ɗauki Brown Ideye, abokin wasan Musa a tawagar da ta ci Kofin Afirka a 2013, yana da shekara 36. A gasar da 'yan wasa suka daɗe suna kukan jinkirin albashi da alawus, tambayar nawa aka ba wanda ya dawo, kuma an biya sauran ko ba a biya ba, tana shiga har ɗakin canza kaya.

Ta ɗaya ɓangaren, adalci ne a faɗi cewa gasar Najeriya ba ta da abin da ke jan jama'a kamar irin waɗannan sunaye. Matashin da ke biyan kuɗin kallon Firimiyar Ingila a Maiyama, wanda ya haddace 'yan benci na Liverpool amma bai san mai tsaron ragar Pillars ba, ba zai juyo ga gasar gida don an ce ya yi kishin ƙasa ba. Zai juyo ne idan akwai wanda ya sani a fili. Kuma matsayin gasar ya sa ɗan wasan da gudunsa ya ragu a ma'aunin Turai zai iya kasancewa cikin mafiya haɗari a nan, musamman idan ya zo da sanin wasa na shekara 14 a waje. Wannan ne ya sa ba za a ɗauko hukuncin Ronaldo a Manchester a ɗora shi kai tsaye a kan Musa a Kano ba.

Abin da ake dubawa kafin a yanke hukunci

Idan aka tattara waɗannan labarai, tambayar da ake fara yi a majalisa, wato a dawo da shi ko kada a dawo da shi, ita ce mafi ƙarancin amfani. Wadda ta fi ta ita ce wane aiki zai yi. Drogba da Henry sun karɓi matsayin mataimaki tun daga ƙofa, Ibrahimovic ya zo jagorantar yara, Ronaldo kuwa ya zo ne a matsayin wanda ba a ajiyewa, kuma a ranar da koci Erik ten Hag ya fara ajiye shi aka fara ƙidayar kwanakinsa. Sai kuma wanda ya nemi a kawo shi. Jose Mourinho da kansa ya so Drogba, Diego Simeone ya so Griezmann duk da fushin 'yan kallo. Inda shawarar ta fito daga sama ko daga ihun jama'a, koci kan tsinci kansa da ɗan wasan da bai shirya masa wuri ba.

Sai niyyar ɗan wasan da kansa, wadda ba ta bayyana a takardar kwantiragi, amma zaman Musa biyu a Kano ya nuna nauyinta. Tsawon kwantiragin kan ba da haske: wanda ya sa sharaɗin tafiya da zarar wata ƙungiyar waje ta neme shi ya riga ya faɗi inda zuciyarsa take.

Yanzu da Musa ke riƙe da kujerar Janar Manaja, shi ne a ɓangaren da ke karɓar irin wannan buƙata. Akwai 'yan Arewa da dama da ke wasa a Turai da ƙasashen Larabawa waɗanda wata rana za su so su ƙarasa a gida, kuma Pillars ce ƙofar farko da za su ƙwanƙwasa. A makarantun horar da yara na Kano da Kaduna da Jos kuma akwai masu shekara 17 da ke jiran wurin da aka ba shi a 2009. Gurbin ɗan wasan gaba a cikin 11 na farko bai wuce biyu ko uku ba.